Yadda zaka haɗa kacici-kacicin anime da katun a majalisarku ba tare da an tashi baram-baram ba

Ranar ƙaramar Sallah bayan la'asar muna zaune a zauren gidanmu mu wajen goma sha biyu, an ci tuwon Sallah an ƙoshi, ga shi an ɗauke wuta ba halin kallo, sai ƙanina ya ce to mu yi kacici-kacici akan katun mana, ɓangaren da aka cinye su sayo lemo. Kowa ya ce ya yarda. Tambayar farko da aka jefo itace wai ya sunan yaron nan mai riga lamba 10 a katun ɗin ƙwallo, wanda zai ɗauko ƙwallo tun daga tsakiyar fili a yi ta gudu har kashi ya ƙare bai iso raga ba. Kafin mai tambaya ya rufe baki babban yayanmu ya ce Majid. Ƙanina ya ce ina, Tsubasa ne. Ɗan baffanmu da ya zo mana yawon Sallah daga Maraɗi kuwa sai ya miƙe tsaye yana rantsuwa shi tun yana yaro da Olivier ya san shi. Wallahi an fi minti ashirin ana musu har jijiyar wuya ta tashi, ba a ƙara jefo wata tambaya ba har aka kira magariba kowa ya watse.

Kuma fa cikin su ukun babu wanda ya yi ƙarya. Yoichi Takahashi ne ya fara zana Captain Tsubasa a mujallar Weekly Shonen Jump a 1981, bayan ya kalli gasar cin kofin duniya ta 1978 da aka yi a Ajantina ƙwallo ta shiga ransa, aka maida shi anime, wato katun ɗin Japan, a 1983. Larabawa da suka fassara sai suka sa masa Kyaftin Majid, shi yayanmu ya kalla ta dish. Faransawa suka kira shi Olive et Tom, yaron ya koma Olivier Atton, shi 'yan Nijar suka tashi da shi. Yaran yanzu kuma a waya suke kallo da sunayen asali na Japan. Tun daga ranar na sa ma raina sai na gyara wasan nan don yana da daɗi sosai, mun sake yi ya fi sau goma, kuma abinda na koya ne zan zayyana maka.

Abu na farko, tun kafin ka rubuta tambaya ko ɗaya, ka zauna ka duba su waye zasu buga kuma da wane yare suka kalli abin. Idan akwai waɗanda suka tashi da tashoshin yara na Larabci, Spacetoon da MBC3, ka san golan nan mai hula Walid suka san shi ba Wakabayashi ba, mai naɗe hannun riga ɗin nan mai zafin kai Bassam ne a wajensu ba Hyuga ba, a Faransanci kuma Mark Landers. Hunter x Hunter a wajensu Alƙannas ne. Grendizer na Go Nagai da ya fito a 1975, wanda Larabawa suke ji da shi har gobe, a ƙasashen Faransanci Goldorak ake ce masa. Detective Conan a Amurka Case Closed ne. To a takardarka, gefen kowace amsa ka rubuta duk sunayen da aka yarda da su, ka kuma faɗa da babbar murya tun farko cewa duk wanda ya kawo ɗaya daga ciki ya ci. Kai zaka ma iya maida wannan bambancin ya zama zagaye guda mai zaman kansa, ka faɗi sunan Larabci su kawo na Japan, zaka ga yadda manya da yara zasu fara raɗa da juna don kowa rabin amsar yake riƙe da shi.

Alƙali, waya da murfin lemo

Mutum ɗaya ne zai rubuta tambayoyin kuma shi ba zai buga ba, shine alƙali. Kar a yi irin namu na ranar farko da kowa ke jefo abinda ya zo bakinsa. Alƙalin ya rubuta tun daren jiya, a littafi ba a waya ba, don wayoyin kowa har da tasa za a tara su a faranti a ajiye tsakiyar tabarma kowa na gani. Wannan ba rashin yarda bane, hannu ne kawai yake zuwa aljihu da kansa idan tambaya ta yi zafi.

A raba mutane gida biyu ko uku, kuma a gauraya shekaru, kar ka bari 'yan Voltron su haɗe waje ɗaya 'yan Demon Slayer waje ɗaya, in ka yi haka kowane zagaye rabin mutane zasu yi zuru kamar an aiko musu da mutuwa. A sa mata a ciki in wasan na gida ne, ƙanwata ce ta fi kowa cin maki a zagayen waƙoƙi. Kowane gida ya zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa faɗin amsa, abinda ya fito daga bakinsa shi ake ɗauka, ba maganar ai ni na faɗa a baya ba a ji ba.

Maki kuwa mu da murfin lemo muke yi. Alƙali ya cika gwangwani da su, tambaya mai sauƙi murfi ɗaya, matsakaiciya biyu, mai wuya uku. Daƙiƙa ashirin ake bayarwa, in gida ya kasa sai a miƙa ma na gaba amma murfi ɗaya kawai zasu samu komai wuyar tambayar. Amfanin murfin shine kowa yana ganin tulin kowa a gabansa, babu zargin an yi coge a lissafi. Tambaya 30 zuwa 40 ta isa zama ɗaya, in ta wuce haka mutane sun fara hamma, kuma ka auna lokacinka ya ƙare kafin kiran sallah don wasan da aka katse a tsakiya baya komawa daidai.

Irin tambayar da take raya wasa

Nan ne aikin yake, nan kuma nake so ka fi maida hankali. Tambaya mai kyau abu biyu take da shi, amsa guda ɗaya tak wadda ba musu, da kuma ɗan labari a bayanta wanda alƙali zai bayar bayan an amsa, ta yadda ko wanda ya faɗi zai ce kai ashe haka ne, ya tafi gida da wani abu. Tambaya irin su wace rana aka haifi wane, ko a kashi na nawa aka yi kaza, haddace ce kawai, ba ta da ɗanɗano, ka sa biyu ko uku ka wuce.

Rijiyar da bata ƙafewa itace ma'anar sunaye, don masu zanen Japan basa sa suna haka kawai. Ɗauki Dragon Ball na Akira Toriyama, wanda ya fara a 1984 ya ƙare a 1995 cikin littafi 42. Duk 'yan ƙabilar su Goku jarumin labarin, wato Saiya, sunan kayan lambu ne da su. Kalmar Saiya kanta juya kalmar yasai aka yi, wato kayan lambu da Japananci. Kakarot, sunan Goku na asali, daga karas ne, Nappa wani irin kabeji ne, Vegeta kuwa daga kalmar Turanci ta kayan lambu gaba ɗaya aka yanko, dama shine yarimansu. Gohan na nufin dafaffiyar shinkafa ko abinci. Frieza daga firiza, kuma in ka lura ai kayan lambu a firji ake zuba su, shi ne ma yake mulkarsu. Ranar da na jefa tambayar wane kayan miya ne a ɓoye cikin sunan Goku na asali, sai da zauren ya yi tsit, can wani yaro ɗan aji uku ya ce karas cikin ƙaramar murya, yayyensa suka ɗaga shi sama. Shi kansa Son Goku sunan birin nan ne na tsohon labarin Sin na tafiya yamma, shi yasa yake da jela da sanda da gajimaren hawa. Kamehameha kuma, harin nan da Goku yake harbawa da tafin hannu biyu, sunan sarkin Hawai ne, matar Toriyama ce ta kawo shawarar. Ga wata da nake so ƙwarai, me yasa gashin Goku yake komawa ruwan gwal idan ya fusata? Toriyama da bakinsa ya faɗa cewa don ya rage ma mataimakinsa wahalar cike gashin da baƙar tawada ne, tunda manga, wato littafin zanen, fari da baƙi ake bugawa, gashi mai haske barin shi kawai ake yi fari. Mutumin ya rasu ranar 1 ga Maris 2024 yana da shekara 68, kuma har yanzu duk yaron da ya haɗa tafin hannu biyu a gefen ƙugu ka san abinda yake kwaikwayo.

Naruto ma haka. Masashi Kishimoto ya zana shi daga 1999 zuwa 2014, babi 700, littafi 72. Uzumaki na nufin ruwa mai juyawa, naruto kuma wani yankan kifi ne fari mai jan zane a murɗe da ake ɗorawa kan taliyar ramen, to kaga dalilin da yasa yaron baya gajiya da ramen. Shagon Ichiraku da yake cin ramen ɗin ma da gaske an yi mai irin sunan a Fukuoka kusa da jami'ar da Kishimoto ya yi karatu. Kakashi shine mutum-mutumin da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye. Jiraiya da Tsunade da Orochimaru daga wata tsohuwar tatsuniyar Japan aka ɗauko su, can ma da kwaɗo da maciji da sauran tarkacen. A Pokémon, karanta Ekans ta baya ka ga abinda zai baka da Turanci, Arbok kuma kobra ne a juye. Sunan Ash, jarumin katun ɗin, a Japan Satoshi, sunan wanda ya ƙirƙiro Pokémon kenan, Satoshi Tajiri, wanda yana yaro aikinsa kenan kamun ƙwari yana tarawa, daga nan tunanin kama dabbobin ya samo asali. Conan Edogawa kuma haɗin sunan marubuta labaran bincike biyu ne, Arthur Conan Doyle na Sherlock Holmes da Edogawa Ranpo na Japan. Duk wannan in ka zauna dare ɗaya zaka fitar da tambaya goma sha biyar masu rai.

Rijiya ta biyu masu murya ne. Tambayi gida, muryar Goku ta Japan namiji ne ko mace? Mafi yawa zasu ce namiji. Mace ce, Masako Nozawa, an haife ta a 1936, kuma ita ce dai take yin Gohan da Goten. Naruto ma mace ce, Junko Takeuchi. Luffy na One Piece ma mace ce, Mayumi Tanaka, kuma ita ce muryar Krillin a Dragon Ball. Amma ka kula, ɗaya kawai zaka yi a sigar namiji ko mace, don da zarar an ji ta farko an gane dabarar, sauran sai ka canza musu fuska, misali wane ɗan Dragon Ball ne suke murya ɗaya da Luffy.

Rijiya ta uku abinda aka canza wajen fassara. Kamfanin da ya fara kai One Piece Amurka don yara ya goge sigarin bakin Sanji ya maida shi alawa mai tsinke. A Pokémon an taɓa nuna dunƙulen shinkafar Japan ƙiri-ƙiri a allo ana kiransa donat. Ihun nan na Vegeta da ya shahara cewa ƙarfin Goku ya wuce 9000, a asalin Japananci 8000 ne. Voltron da iyayenmu da yayyenmu suke rugowa gida da yamma don shi, a 1984 Amurkawa suka haɗa shi daga wani katun na Japan mai suna GoLion na 1981, kuma a na asalin Sven mutuwa ya yi, a na Amurka aka ce rauni ya ji aka tafi da shi jinya. Na jefa wannan ga yayanmu, mutumin da ya haura arba'in, sai da ya yi shiru na ɗan lokaci kafin ya ce shi dama tun lokacin jikinsa ya bashi.

Yanzu ga waɗanda zaka guje musu kamar wuta. Duk tambayar da ta fara da wa ya fi ƙarfi, Goku ko Saitama, Naruto ko Luffy, Superman ko Hulk, kar ta shigo littafinka, ba ta da amsa, ita ce take raba zumunci. Haka wa ya fi kyau, wanne ya fi daɗi. Wannan hirar bayan wasa ce, a yi ta ana shan lemo.

Sai tambayar da amsarta take canzawa. One Piece tun 1997 Eiichiro Oda yake zana shi, katun ɗin tun 1999, ya haura kashi 1000 tun Nuwamba 2021. In ka ce nawa ne kuɗin da aka sa ga wanda ya kamo Luffy ka jawo rigima, don wani ya tsaya a baya wani yana gaba. Ka ce nawa ne kuɗin da aka fara sawa a kansa, amsa miliyan 30, shikenan ba musu. Haka in ka ce waye Hokage, wato shugaban garin su Naruto, wanne? Ka ce waye na huɗu, a ce Minato, ko ka ce a jero bakwai ɗin a tsari, Hashirama, Tobirama, Hiruzen, Minato, Tsunade, Kakashi, Naruto, wannan murfi uku ce.

Sannan ka bambance manga da anime a bakinka duk lokacin da suka saɓa. Manga shine littafin zanen, daga dama zuwa hagu ake karanta shi kamar yadda muke karanta Larabci da ajami, wannan ma tambaya ce mai sauƙi ga yara. Anime kuma shine mai motsi. Saboda katun yakan kamo littafin da gudu, sai kamfani ya ƙirƙiro labaran ciko don a ba mai zane lokaci, Naruto na farko kashi 220 ne, ci gabansa Shippuden 500, kuma fiye da ɗaya bisa uku na wannan duk ciko ne da babu shi a littafin Kishimoto. Dragon Ball GT gaba ɗayansa, kashi 64, ba daga manga aka ɗauko shi ba. To in tambayarka daga ciko ta fito, wanda ya karanta littafi zai ce bai san zancen ba kuma yana da gaskiya. Ni shawarata ka bar ciko kwata-kwata.

Kuma don Allah kar ka fasa ma mutane ƙwai. Kafin a fara ka tambaya akwai wanda yake tsakiyar kallon wani abu? In ƙaninka yana kashi na 80 a Shippuden kar ka zo kana tambayar waye a bayan abin rufe fuskar Tobi ko me yasa Itachi ya yi abinda ya yi. Yaro ya yi wata biyu yana tara kuɗin data yana bin labari, ka zo ka rusa masa a daƙiƙa biyar saboda murfin lemo ɗaya, wannan zalunci ne, ni har zuciyata nake jin haka.

Tantance amsa kafin ka shigo da ita

Abinda ka ji a bidiyon minti ɗaya a TikTok ba hujja bane. Ƙa'idata itace duk amsar da ban gan ta da idona a cikin katun ɗin ko littafin ba, sai na same ta a wuri biyu da basu kwafi juna ba, in kuma maganar wai mai zanen ya ce ne, sai na ga inda ya faɗa, hira ce ko shafin amsa tambayoyin masu karatu. In ban samu ba na yar da ita komai daɗinta. Kar ka yarda da ƙwaƙwalwarka ma ɗari bisa ɗari. Gwada wannan ka gani, ba kowane gida takarda da biro ka ce su zana jelar Pikachu, da yawa zasu sa mata baƙi a ƙarshe, alhali babu, baƙin a kan kunnuwa yake, jelar ruwan ƙasa ne da ita ta gindi. Irin wannan in ka tabbatar ta zama tambaya mai daɗi, in baka tabbatar ba kai alƙalin ne zaka ji kunya.

Tambayar lamba kuma kar ka ce sai an faɗa daidai, ka ce wanda ya fi kusa ya ci, kowane gida ya rubuta a takarda a ɗaga tare. Yara nawa aka kwasa zuwa asibiti a Japan ranar 16 ga Disamba 1997 saboda walƙiyar ja da shuɗi a wani kashi na Pokémon? 685, kuma sai da aka dakatar da shirin wata huɗu. Kashi nawa ne Dragon Ball Z? 291. Wace shekara aka fara Sazae-san, katun ɗin da ya fi kowanne daɗewa ana nunawa a talbijin a duniya? 1969. Wace shekara Astro Boy na Osamu Tezuka ya fara fita a talbijin? Ranar 1 ga Janairu 1963. A irin wannan ko wanda bai taɓa kallo ba yana iya cankar maki, shi yasa nake sa su a tsakiya lokacin da wani gida ya fara karaya.

Kar ka manta da waɗanda basu san anime ba sam amma sun san Tom and Jerry kamar yunwar cikinsu. Ka ware musu zagaye. A fitowar farko ta 1940 magen ba Tom bane sunansa, Jasper ne, William Hanna da Joseph Barbera suka yi shi, kuma sun ci kyautar Oscar har 7. Mickey Mouse da Mortimer Walt Disney ya so sa masa, matarsa Lillian ta ce bai yi ba, ya fito a Steamboat Willie a 1928. Cikakken sunan Shaggy na Scooby-Doo Norville Rogers. A ɓangaren littafin zane na Amurka, Superman da ya fito a 1938 ba ya tashi sama da farko, tsalle kawai yake yi mai nisa. Hulk a fitowarsa ta farko a 1962 ruwan toka ne, wajen bugawa launin ya riƙa basu matsala suka maida shi kore. Batman a 1939 ya fito, shekara da shekaru Bob Kane kaɗai ake rubutawa a matsayin mai shi, sai a 2015 aka fara sa sunan Bill Finger wanda ya yi babban kaso na aikin, mutumin ya rasu tun 1974 bai ga wannan ranar ba.

Zagayen da na fi so ni dai shine wanda ya taɓo mu nan Afirka. Black Panther a Yuli 1966 ya fara fitowa, a cikin Fantastic Four na 52. Storm ta X-Men mahaifiyarta 'yar Kenya ce kuma a Alƙahira ta yi yarinta. A Attack on Titan akwai wani matuƙin jirgi baƙar fata mai suna Onyankopon, duk Bahaushen da ya zauna a zangon Kumasi ya san kalmar, sunan Ubangiji ne a yaren Asante. Da aka tambayi Oda a ce 'yan jirgin Luffy a duniyarmu suke daga ina zasu fito, ya ce Luffy Barazil, Zoro Japan, Sanji Faransa, Usopp kuma ya ce Afirka, kowa an bashi ƙasa shi an bashi nahiya sukutum, wannan abin ya ɗan tsaya min a rai gaskiya, amma tambaya ce mai kyau. Sai kamfanin Studio Ghibli na su Hayao Miyazaki da aka kafa a 1985, wanda Spirited Away ɗinsu ya ci Oscar a 2003. Sunan Ghibli daga iskar Sahara mai zafi ne kamar yadda ake kiranta a Libiya, Italiyawa suka ara suka sa ma wani jirgin samansu, Miyazaki mai son jirage ya ɗauko daga can, kuma tushen kalmar ɗaya ne da alƙibla. Ranar da na bada wannan bayanin har baffanmu da yake wucewa ta zauren sai da ya tsaya ya ce in maimaita. Ka ƙara da namu na gida, Supa Strikas da aka fara a Afirka ta Kudu, Bino and Fino na Adamu Waziri, da Iwájú da ya fito a 2024 wanda labarinsa a Legas yake.

Tsakanin zagaye da zagaye ka sa abinda ba magana ba don jiki ya motsa. Mutum ɗaya ya yi gunjin waƙar buɗe shiri da hanci ba tare da kalma ba a canka. Ko ya kwaikwayi tsayuwar wani ba magana, gudun Naruto da hannu a baya ko yaro ɗan shekara biyar zai gane. Ko alƙali ya zana gashin kai kawai a takarda ya ɗaga. In akwai ƙananan yara a wurin ka tace abinda zaka kawo, ba kowane anime bane na yara, wasu akwai jini da abubuwan da basu dace ba, Attack on Titan da Death Note ka bar su sai zaman manya.

Kyauta kar ta yi yawa kuma kar a sa kuɗi a tsakiya kowa ya zuba, da an yi haka ya tashi daga wasa ya koma caca. Lemo, tsire na ɗari biyar biyar, katin waya ga yaron da ya fi kowa ƙoƙari, ya wadatar, kuma ya fi kyau wani babba ya ɗauki nauyi tun farko.

Ka ajiye tambaya ɗaya ta lamba a shafin ƙarshe wadda ba zaka taɓa ba sai an yi kunnen doki. Tawa ta ƙarshe da na yi amfani da ita itace gajerun finafinan Tom and Jerry nawa Hanna da Barbera suka yi tsakanin 1940 da 1958, wani gida suka rubuta 200, ɗayan suka rubuta 100, amsar 114 ce. Bayan an tashi ka ja layi akan duk tambayar da aka yi, ka sa alama a gefen wadda ta jawo musu don ka gyara lafazinta, sannan ka miƙa littafin ga wanda zai yi alƙalanci zama na gaba, kai kuma ka koma cikin 'yan wasa.